Hai Dawu, Mai Ɗura Jijiyoyin Matattu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa magudanan jini a jikin ɗan Adam ba tare da ya yi shawara da shi ba, ya rataya masa tsoka guda a ƙirji ya umarce ta da aiki, ba ta gyangyaɗi, ba ta neman hutu, har ranar da za a ce mata ya isa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makara bai tambayi ko wane ne a ciki ba.

Bayan haka, Hai Dawu mutumin Hezhou ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Sunan da liman ya raɗa masa a kunne Dawuda, amma bakin mutanenmu ya gutsure shi, ya kuma bi shi a haka har ƙarshen ransa. Karatunsa bai yi nisa ba. Ya san abin da zai yi salla da shi, ya san hukuncin tsarki, sauran iliminsa a mayanka ya same shi. Tun kafin ya isa riƙe wuƙa mahaifinsa yake kama yatsansa ya ɗora a wuyan rago, yana nuna masa abubuwa huɗun da mazhabarmu ta Hanafiyya ta ambata a yanka: hanyar numfashi, hanyar abinci, da manyan jijiyoyi biyu. Daga nan ya gane, ba da littafi ba, cewa jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai mai kaurin bango wadda take harbawa a ƙarƙashin yatsa, in an yanke ta jini ja wur ya yi tsartuwa, bakinta kuma ya tsaya a buɗe kamar na sarewa. Akwai mai laushi wadda jininta ya fi duhu, yake kwarara a natse, da zarar ta zube sai ta lafe kamar tsumma. Malaman Larabci suna kiran ta farko shiryani, ta biyu waridi. Dawu bai san waɗannan sunaye ba. Mai magana da mai shiru yake ce musu.

A shekarun yunwa, da garke ya ƙare har babu abin yankawa, ya gangaro birnin Lanzhou da matarsa Zuliha, aka ba shi aikin shara a wata makarantar likitoci. Wata rana yana share ɗakin da ɗalibai suke koyon fiɗar gawa, sai ya ga ɗayansu yana daddatsa hannun mamaci, yana neman jijiyar da take gaban idonsa. Abin ya ci masa rai irin yadda ɓarna take cin ran mai sana'a. Ya jingine tsintsiya, ya sa bayan wuƙa da farcen babban yatsa, ya bi jijiyar daga hamata har wuyan hannu bai huda ta ba. Ashe Farfesa Rong, shugaban sashen, yana tsaye a bayansa. Washegari aka ba shi farar riga da mabuɗin wani ɗaki a ƙarƙashin bene.

Aikin ɗakin shi ne wannan. Gawar da ba ta da mai ita, wadda hukuma ta miƙa wa makaranta, sai a buɗe babbar jijiya mai magana a cinyarta a sa tiyo, a yi ta tura ruwan ɗumi mai gishiri har ya zagaye jiki ya fito ta mai shiru garau, babu sauran ja. Domin hanyar zagaye take yi: daga zuciya jini yake fita ta masu magana, su yi ta rassa suna sirancewa har su fi gashi siranta, a can ƙarshe su miƙa shi ga masu shiru, su kuma su tattaro shi su maido gida, zuciya ta aika shi huhu ya sha iska ya dawo, a sake sabon zagaye. In hanya ta wanku sai a ɗura narkakkiyar roba, ja a masu magana, shuɗiya a masu shiru. In ta daskare a tsoma gawar a bahon asid na makonni, nama da ƙashi su narke su bi rariya. Abin da zai saura surar hanyoyin jinin ce kaɗai, kamar itacen da ya zubar da ganye, ɗalibai su zagaye ta suna karatu.

Ja ba ta da wuya, daga gindi ake tura ta ta bi rassa. Shuɗiya ce mai taurin kai, domin a cikin masu shiru na hannu da ƙafa Ubangiji ya sa 'yan ƙyamare bibbiyu da ba sa buɗewa sai ta fuskar zuciya. In ka turo daga sama sai su rufe maka. Dole ka sauka can bayan yatsun ƙafa, ka nemo jijiyar da ba ta fi zaren ɗinki ba, ka sa allura, ka bi hanyar da jinin yake bi. A wannan aiki babu mai hannun Dawu a lardin duka.

Unguwa ta san abin da yake yi, ta kuma yi kamar ba ta sani ba. Gawarwakin ba na Musulmi ba ne, in ji mutane. Wanda danginsa za su ƙone shi, me ya raba wuta da asid? Sai dai tsokana. In ya shiga shagon taliya mai shagon ya ce, "Ku matsa wa sarkin fawa, kowa ya rufe wuyansa." Shi kuma ya ce, "Naka ba ya shiga aikina, kitse ya riga ni toshe shi." A yi dariya a ƙara masa romo. Shekara ashirin aka yi a haka.

A bazarar da ta biyo bayan sake buɗe masallatan da hukuma ta rufe shekara da shekaru, ranar Litinin da hantsi, aka kawo gawar wani mutum da ya cika a kan benci a tashar jirgin ƙasa, an yi cigiya ba a sami mai shi ba. Ramamme ne, bai wuce arba'in ba, babu takarda a jikinsa. Dawu ya sa almakashi ya yanke rigar. A aljihun ciki ya sami guntun busasshen burodi da carbi na ƙwallon magarya wanda yatsu suka goge har yana ƙyalli. Ya dubi gemun, dogo, almakashi bai taɓa shi ba. Ya dubi goshin, ya dubi idon sawun hagu inda zaman tahiya yake barin baƙar kanta. Sa'an nan ya ɗaga mayafin ya duba abin da ya rage a duba, ya mayar da sauri ya rufe.

Ya hau bene ya sami Farfesa Rong a ofis.

"Malam, wannan da aka kawo namu ne. Musulmi ne. Mu ƙasa muke komawa, kuma da wuri."

Rong ya cire tabarau. Ba mugun mutum ba ne. Shekara takwas ya yi a ƙauyen da hukuma ta tura shi horo, yana kwasar taki saboda iliminsa, ya dawo da furfura da buri guda, wato ya ga an tsayar da surar jijiyoyin mutum cikakke, daga ƙoƙon kai zuwa tafin ƙafa, kafin ya bar duniya.

"Tsoho Hai, na taɓa jijiyoyinsa da hannuna. Laushi kamar na ɗan shekara ashirin. Tun yaushe muke jiran irinsa? Duk waɗanda ake kawo mana bututunsu ya yi tsatsa."

"Na sani, Malam."

"To ka san ƙa'ida ma. In wani masallaci ya rubuto cewa zai binne shi, da jan hatimin kwamitinsa a kan takardar, ni da kaina zan riƙe muku ƙofa. Kai ma'aikacinmu ne, sa hannunka ba ya aiki. Ɗakin sanyi zai riƙe mini shi zuwa Alhamis da safe. Bayan nan ƙananan hanyoyin sun lalace, ya zama ni bai amfane ni ba, ku kuma ba ku zo ba."

Dawu ya yi godiya ya fita da sauƙin zuciya, domin hatimin masallacin unguwarsu a hannun yayan matarsa yake, Tuo Yibula, mai sayar da busassun 'ya'yan itace.

Masallatai biyu ne a gefenmu na kogi. Na Gangare na 'yan Tsohuwar Koyarwa ne, masu carbi da zikiri da ziyarar kaburburan shehunai. Na Kasuwar Fata na 'yan Sabuwar Koyarwa ne, masu sakin gemu, waɗanda suke ganin rabin abin da na farko suke yi ƙari ne a addini. Alƙibla ɗaya suke kallo, wadda a ƙasarmu yamma take, amma ko makara ba sa ara wa juna.

Ya sami Yibula a kan gadon bulo mai ɗumi, aka kawo shayi da magarya da dunƙulen sukari.

"Yaya, hatimi na zo nema. Bugu ɗaya."

Yibula ya ture ganyen shayi da murfin kofi, ya kurɓa, ya saurari labarin har ƙarshe.

"Bawan Allah, ajali ya same shi a hanya. Da gemu ka ce?"

"Da gemu."

"Har ina?"

Dawu ya nuna ƙirjinsa.

"To ai ka yi ɓatan kai, ƙanena. Wannan na Kasuwar Fata ne. Mu ɗauke shi mu yi masa yadda muke yi, mu zagaya masa da fidiyar sallolin da ake bin sa, mu soya masa gurasar sadaka, gobe danginsa su ɓullo su ce mun cusa wa mamacinsu bidi'a. Kai za ka amsa musu?"

"Yaya, matafiyi ba ya samun wanzami. Kuma ga carbinsa."

"Carbi ai har masu bautar gunki suna ja." Yibula ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Ka manta abin da takarda ta yi wa mahaifinmu? Sunansa kawai ya rubuta a ƙasan wata wasiƙa, shekara goma sha ɗaya bai ga gida ba. Mutum ba suna, ba takarda, ya faɗi a tasha. Ka san abin da ya gudo wa? Jiya-jiya aka maido mana mabuɗin masallaci, yaɓen bangon ma bai bushe ba. Sha shayinka, zai huce."

Ranar Talata bayan azahar Dawu ya tafi Kasuwar Fata. Liman Min mutum ne mai nahawu, mai tsabtar tufa. Bai ba shi hannu ba, sai ya nuna masa gefen tabarma daga nesa.

"Kai ne na makarantar likitoci. Hanci yana sanin zuwanka kafin ido."

Dattawan da suke zaune suka murmusa.

"Allah ya gafarta Malam, gawar Musulmi ce. Wanka da salla da rami, shi ke nan."

"Farilla ce a kan jama'a, in wasu sun yi ta faɗi a kan saura. Ku kuwa kuna da jama'a. Me aka samu a jikinsa?"

Dawu bai iya ƙarya ba. Ya fito da carbin.

"To, mutumin shehunai ne. Ka kai wa yayan matarka."

"Daga wurinsa nake. Ya ce gemun naku ne."

Wani dattijo mai sayar da fata ya ce, "A raba mana shi mana. A kawo gemu nan, a kai carbi Gangare. Ga mai rabon ma ya kawo kansa." Aka yi dariya. Liman bai yi ba, bai kuma tsawatar ba. Ya jira ta lafa, sa'an nan ya ce:

"Mu ba mu ƙi ba. Amma hukunci da shaida yake tsayuwa. Me muke da shi? Kaciya, da tabo a goshi, da maganar mutum ɗaya. Shi kuma mutum ɗayan ya shekara ashirin yana keta alfarmar matattu, kuma malamai sun yi magana a kan shaidar irinsa. Kawo adilai biyu da suka san mamacin, sai a duba."

Laraba da sassafe Dawu ya je tasha yana bin 'yan dako da masu abinci ɗaya ɗaya. Wata tsohuwa mai dafaffen ƙwai ta ce ta ga mutumin ya buga tafukansa a bango ya shafi fuska, ya yi salla a zaune. Da ya ce ta biyo shi ta faɗi haka a gaban liman, sai ta ce idonta ba shi da kyau, wataƙila wani ne. Zuliha ta lulluɓa ta tafi wurin yayanta da kanta, ta dawo da jajayen idanu da ƙullin busasshen inabi da ya ba ta. Bayan azahar Dawu ya zo da wata dabara, a buga hatimi biyu a takarda ɗaya, kada laifi ya hau kan kowa shi kaɗai. Yibula ya ce madalla, Kasuwar Fata su fara, shi zai buga a ƙasan nasu. Liman Min ya ce shawara ce mai kyau, amma Gangare ne suka riga su kafuwa, ladabi ya hana ƙarami shiga gaban babba. Sau huɗu ya yi tafiyar tsakaninsu da farar takarda a hannu. A zuwa na ƙarshe aka ce masa liman ya tafi ɗaurin aure bayan gari, sai jibi.

Alhamis Farfesa Rong ya jira har ƙarfe goma, sa'an nan ya sauko ɗakin. Ya dubi takardar, babu hatimi a kanta.

"In ba za ka iya ba, Tsoho Hai, ba zan zarge ka ba. Kang zai yi."

Kang shi ne ɗaya ma'aikacin ɗakin, mai ƙarfi, mai gaggawa.

"Kang yana fizgar jijiya kamar mai cire ciyawa. Zai farke shi, roba ta malale cikin nama, a wulaƙanta shi a banza a zubar. Ni zan yi. A bar ni da shi sa'a ɗaya, Malam."

Da ƙofa ta rufu ya yi alwala a famfon da ake wanke wuƙaƙe. Ya rufe tsiraicin baƙon, ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya yi masa wanka kamar yadda ya ga ana yi wa mahaifinsa: alwala, sa'an nan kai da gemu, sa'an nan ɓangaren dama, sa'an nan hagu, sau uku uku. Ya juya teburin, ya tsaya daidai ƙirjin mamacin yana fuskantar bangon yamma, ya yi kabbara huɗu, shi ne liman, shi ne sahu. Bai san ko an karɓa ba. Da ya sallame ya ɗauki wuƙa ya buɗe cinyar dama, kuma hannunsa bai yi rawa ba. Wannan ne abin da ya fi damunsa daga baya, cewa hannun bai yi rawa ba.

Ruwa ya shiga ya fita har ya yi garau. Ja ta bi hanyarta, ya ga leɓɓan mamacin sun yi launi kamar na mai rai. Kwana shida yana durƙushe a ƙafafu da hannuwa yana bin masu shiru da allura, yana ƙara shuɗiya kaɗan kaɗan duk lokacin da ta farko ta tsotse. Bai taɓa yin aiki mai kyaun wannan ba. Ranar da aka tsoma baƙon a baho, Dawu ya yi abin da ba ya cikin ƙa'ida: ya toshe rariya. Mako bakwai, kowace safiya yana kwasar abin da ya narke, yana tace shi a farin ƙyalle, yana kashe zafinsa da farar ƙasa, yana zubawa a sabon tulu irin wanda mata suke jiƙa kabeji a ciki. Asid ya ci safar hannunsa ya ci fatar, har zanen yatsunsa ya shafe. Kang yana kallo, ya ce, "Miyar wa kake haɗawa, tsoho?" Dawu ya ci gaba da tacewa.

Da aka gama wanke surar da siririn ruwa aka tsayar da ita cikin akwatin gilashi, sai aka taru ana kallo. Mutum ne a tsaye, ba fata, ba ƙashi, ja da shuɗi kawai, tun daga babban reshen da ya lanƙwaso daga zuciya har gashin-gashin da ya saƙa fatar ido da kan yatsu. Fuskar ma tana nan, wanda ya san shi zai gane shi. Farfesa Rong ya yi kuka. Aka liƙa lamba a gindin akwatin da sunan sashen.

Da Dawu ya yi shiru, da wataƙila ya mutu da mutuncinsa. Amma a ganinsa yanzu ba a bukatar hatimi, taku biyu na ƙasa kawai ake bukata. Ranar Juma'a ya naɗe tulun da fararen yadi uku, ya goya shi a baya, ya tsaya a ƙofar masallacin Gangare har jama'a suka fito.

"Yaya, wuri nake roƙo a maƙabartar kan tudu. Ko a lungu ne."

"Me ke cikin wannan?"

"Baƙon nan ne."

Yibula ya ja da baya taku ɗaya, mutane suka ja tare da shi. Ya dubi fuskokin da suka kewaye su, ya ga duk shi suke jira, sai ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Kana nufin Musulmi ka narkar? Da hannunka? Ka san Musulmi ne, ka sa masa wuƙa?"

"Yaya, sau uku na zo maka."

"Ka zo na ce ka narkar da shi? Jama'a, wa ya ji na ce haka? Na ce a bi a hankali, a bincika. Shekara ashirin muna rufa maka asiri saboda 'yar'uwata, ashe wuƙar da ake wasawa tamu ce."

Kafin la'asar maganar ta isa Kasuwar Fata. Abin da muhawarar shekara sittin ba ta yi ba, tulun Dawu ya yi shi a yini guda: masallatan biyu suka zama baki ɗaya. Liman Min ya ba da amsa a tsare, cewa ana yi wa mamaci salla in an sami mafi yawan jikinsa, ko rabi tare da kai, wannan kuwa laka ce, ba ta da hukuncin gawa. Aka aika wa mai gadin maƙabarta kada ya buɗe, domin wasu sun ce abin zai ƙone ƙasar da iyayensu suke kwance.

Dawu ya hau tudun shi kaɗai da tulu da shebur. A bayan katanga, inda gangare yake da tsakuwa, ya haƙa rami tsayin ƙirjinsa, ya fafe lahadu a gefen yamma kamar yadda ake yi wa kowa, ya ajiye tulun da carbin, ya toshe da bulo, ya mayar da ƙasa.

Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ba a kore shi daga masallaci ba, mutanenmu ba sa yin haka. Sai dai in ya shiga sahu akan bar faɗin mutum guda a damansa da hagunsa. Mai shagon taliya ya daina tsokanarsa, ya ware masa kwano. In Zuliha ta soya gurasar sadaka don tunawa da iyayenta ta aika maƙwabta, sai a karɓa da godiya, da safe ta gan ta a gaban kaji. Bai bar aikin ba, domin ba shi da wani, amma bai ƙara kallon akwatin gilashin ba. In zai wuce sai ya bi ta bayan ginshiƙi.

Ciwonsa daga ƙafa ya fara. In ya yi taku ɗari sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya ta saki, ya ci gaba. Sa'an nan taku hamsin, sa'an nan ashirin. Ya sa yatsa a bayan ƙafarsa inda mai magana take wucewa, ya ji ta yi shiru. Babu likitan da ya buƙaci ya gaya masa komai, ya sha ganin irin wannan jijiya ta ƙanƙance ta yi tauri har allura ba ta shiga. Yatsun suka yi sanyi, suka yi baƙi. Likitoci suka ce a yanke daga gwiwa ya rayu. Ya ce a'a, yadda aka ba shi jikin haka zai mayar.

Al'adarmu ce in mutum ya kusa, a je a nemi yafiyarsa. Yibula ya zo da dattawa biyu, ɗaya daga kowane masallaci. Kwana uku ke nan suna shawara a kan inda za a sa shi, domin iyalai da yawa sun aiko cewa ba kusa da nasu ba, kuma babu wanda ya san yadda za a gaya wa Zuliha. Suka zauna nesa da gadon saboda warin ƙafar.

"Ƙanena, zama tare ba ya rasa saɓani. Ka yafe mana."

Dawu ya daɗe yana tattara numfashi.

"Nawa na yafe, Yaya. Nasa ba a hannuna yake ba."

Ba wanda ya tambayi ko na wa. Dattijon Kasuwar Fata ya gyara hularsa.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Dawu. "In na tafi, a can bayan katanga, kusa da..."

"An yi," in ji Yibula, tun bai ƙarasa ba. "An yi, ƙanena. Wasiyya abar girmamawa ce, wa zai saɓa?"

Dattawan biyu suka dubi juna, kafaɗunsu suka sauka. Dawu ya ga wannan kallon. Ya juya fuskarsa bango, suka yi addu'a a gurguje suka fita, kuma tun daga tsakar gida ana jin muryoyinsu sun saki.

Ya cika ranar Lahadi da hantsi. Mutum bakwai ne suka hau tudun da shi, kuma tsakuwar wurin ta sa ramin bai yi zurfin da ya kamata ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Hai Dawu, ka yalwata masa makwancinsa, ka karɓi sallar da ya yi shi kaɗai. Ka jiƙan baƙon da babu wanda ya san sunansa sai kai, ka tattara masa abin da ya watse ranar da za ka tattara kowa. Ka yi mana sassauci, mu da muka bar faɗin mutum guda a sahu. Amin.